An kawo kwamfutoci, an yi bita, amma ɗakin a kulle yake: wane horo malamai ke buƙata?

Tambayar ta fito ne daga shugabar wata makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati. Ta ce an ba makarantarta kwamfutoci ashirin da sola da majigi guda, kuma a hutun da ya gabata an yi wa malamanta bitar kwana uku, kowa ya karɓi takardar shaida. Ga shi zango ya kusa ƙarewa, ɗakin kwamfutar a kulle yake, ba mai shigarsa sai malamin kwamfuta, alhali kuwa ana matsa mata ta fara koyar da wasu darussa ta intanet. Tana son sanin irin horon da zai sa malamai su yi amfani da kayan da gaske.

Ranki ya daɗe, abin da ya faru a makarantarki bai ba ni mamaki ba, domin na shafe shekaru ina cikin masu gudanar da irin wannan bita, kuma na san yadda kwana ukun ke tafiya. Rabin ranar farko takan tafi ne wajen jiran babban baƙo da jawabai. Idan an zauna gaban kwamfuta aka ce kowa ya shiga adireshinsa na imel, nan take aiki yake tsayawa, saboda malamai da yawa wani yaro ne a shagon intanet ya buɗe musu adireshin lokacin da ake neman wata rajista, kuma ya tafi da kalmar sirrin a kansa. Na taɓa ɓata awa biyu da rabi ina bin tebur tebur muna ƙoƙarin dawo da kalmomin sirri, wasu kuma layin wayar da aka yi rajistar da shi ya daɗe da ɓata. Rana ta biyu a nuna musu manhajoji biyar ko shida a jere, rana ta uku hankalin kowa ya koma kan kuɗin mota da takardar shaida. Malamin da ya fita daga wannan zaure ya ga abubuwa da yawa, amma bai shirya darasi ko ɗaya da zai shiga aji da shi ranar Litinin ba. Don haka idan ya koma ga allo da alli, bai kamata a zarge shi da ƙin ci gaba ba, abin da ya iya kuma ya tabbata ba zai kunyata shi a gaban ɗalibai ba ya koma wa.

Wannan darasi duniya ta riga ta biya kuɗinsa da tsada. A 2007 an kai ƙananan kwamfutocin nan masu launin kore da fari na shirin "kowane yaro da kwamfutarsa" wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, aka yi ta ɗaukar hoto. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwan irin waɗannan kwamfutoci ta raba a makarantun karkara, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga wani ƙarin ƙwazo a sakamakon yaran na lissafi da harshe ba. Na'ura ta iso aji, amma yadda ake koyarwa bai motsa ba.

Wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Mishra da Koehler, sun yi bayanin abin da ke kawo haka a 2006, kuma ina ganin bayaninsu ya dace da halin da muke ciki. Sun ce malami yana riƙe da ilimi iri uku: sanin fannin da yake koyarwa, sanin dabarun koyarwa, da sanin na'ura. Amfanin na'ura a aji yana fitowa ne a wurin da ukun suka haɗu, wato inda malamar kimiyyar halittu ta san cewa ɗalibanta kullum suna rikicewa a kan yadda jini ke zagayawa tsakanin zuciya da huhu, ta san cewa zane a allo ba ya nuna motsi, sannan ta san inda za ta samo hoton bidiyo na minti biyu da lokacin da za ta tsayar da shi ta yi tambaya. Bitar da aka yi wa malamanki ta ɗauki na ukun ne kawai, ta ware shi daga sauran biyun, ta tara malamin Larabci da na kimiyyar sinadarai da na Hausa a zaure guda tana koya musu abu ɗaya. Tsarin ƙwarewar malamai a fannin fasahar sadarwa da UNESCO ta sabunta a 2018 shi ma ya raba abin mataki uku, daga samun ilimin zuwa zurfafa shi zuwa ƙirƙira, kuma ba wanda zai hau matakan nan a kwana uku.

Shawarata ita ce a juya tsarin, a fara daga darasi. Ki tara malaman kowane fanni daban, ki tambaye su wane maudu'i ne a manhajar zango mai zuwa yake ba su wahalar koyarwa, wanda duk shekara yara suke faɗuwa a kansa. Kowane malami ya zaɓi guda ɗaya tak. Horon gaba ɗaya sai ya zama neman amsar tambaya guda: da kayan da muke da su, me zai sauƙaƙa wannan maudu'i? Wani lokacin amsar bidiyo ce, wani lokacin gajeren gwaji ne da yara za su yi a kwamfuta su ga sakamako nan take, wani lokacin kuma amsar ita ce na'ura ba ta da wani abin da za ta ƙara, a ɗauko lemo da wuƙa a koyar da rabi da rubu'i. Malamin da ya iya gane wannan na ƙarshen ya fi wanda ke kunna majigi don kawai a ga ya kunna.

Sannan a fara da na'urar da ke aljihun malami kafin a kai ga wadda ke bayan ƙofar ƙarfe. Na ga wani malamin lissafi na ƙaramar sakandare, dattijo da ya kusa ritaya, wanda a bita ko linzamin kwamfuta ba ya son taɓawa. Bayan makonni da muka koma makarantarsu, na tarar ya jera littattafai biyu biyu a kan tebur, ya gitta rula a kansu, ya ɗora wayarsa tana kallon ƙasa, yana warware lissafi a farar takarda da jan biro da baƙi yana bayani da Hausa yana maimaitawa da Turanci. Fuskarsa ba ta fitowa, hannunsa da muryarsa kawai, kuma ya ce abin da ya sa ya yarda ke nan. Kowane bidiyo bai wuce minti huɗu ba. Yara suna karɓa a katin memori ko a tura musu waya zuwa waya ba tare da an ci data ba, kuma yarinyar da ba ta gane ba a aji tana iya maimaita shi sau goma a gida ba tare da kowa ya yi mata dariya ba. Abin da mutumin nan ya koya daga gare mu bai wuce yadda ake daidaita haske da rage nauyin bidiyo ba. Sauran duk shekarunsa talatin ne na koyarwa. Shirin bunƙasa malamai da Birtaniya ta ɗauki nauyi a Jigawa da Katsina da Zamfara a shekarun baya ya bi irin wannan hanya, inda aka zuba wa malamai bidiyo da sauti na darussan koyi a wayoyi, har ana yi wa abin laƙabi da mai horarwa na cikin aljihu.

Abin da ya fi komai muhimmanci, wanda kuma ba shi da armashi ga masu ba da tallafi domin ba a yanka masa kintinkiri, shi ne zaman mako mako. Ki ware awa ɗaya a cikin jadawalin makaranta, a lokacin aiki, don malaman kowane fanni su zauna. Na jaddada lokacin aiki ne saboda malamanki mata da yawa suna tashi ne su tarar da girki da yara, duk horon da aka sa bayan la'asar ko ranar Asabar kuwa, su ne za su fara zamewa daga cikinsa, daga baya a ce mata ba sa son fasaha. A zaman, mutum ɗaya ya nuna abin da ya gwada a aji a makon, ya faɗi inda abin ya ƙi, sauran su ba da shawara, a rabu da sanin wanda zai gwada a mako mai zuwa. Bayan haka sai a riƙa shiga ajin juna. Wasu masu bincike kan horar da malamai, Joyce da Showers, sun nuna tun shekarun 1980 cewa sabuwar dabara ba kasafai take tsallakawa daga zauren bita zuwa aji ba sai idan akwai wanda ke bin malami yana kallon yadda yake gwadawa yana gyara masa. Sai dai a nan akwai wurin taka tsantsan. Idan ke ce da kanki ko jami'in sa ido daga ma'aikata kuka shiga da takarda da biro, malami zai ɗauka an zo duba shi ne, zai koyar da darasin da ya haddace. Abokin aiki ne ya kamata ya shiga, kuma abin da ya gani kada ya shiga fayil ɗin kowa.

Wanda zai ja ragamar wannan zama ba lallai ne ya zama malamin kwamfuta ba. Sau da yawa shi ne mafi ƙuruciya a makaranta, hannunsa yana da sauri, kuma idan dattijuwa ta tambaye shi abu sai ya karɓi linzamin ya yi mata a daƙiƙa biyar, ta yi godiya, ba ta koyi komai ba. Akwai kuma kunya, wadda masu tsara horo daga nesa ba sa lissafawa da ita: malamar da ta koyar da wannan saurayin a aji ɗaya ba za ta so ta yi ta kuskure a gabansa ba. Ki nemi malami mai mutunci a idon abokan aikinsa, mai haƙuri, wanda ya ɗan fi su sani kaɗan, ki bar wa malamin kwamfuta aikin gyara da kula da kayan. Ƙa'ida guda da nake kafawa a duk horon da na gudanar ita ce mai koyarwa ya riƙe hannunsa a baya, wanda ke koyo shi ne zai danna.

Batun koyarwa ta intanet kuwa wani fage ne daban, kuma ina roƙon kada a yi gaggawar shigarsa. Da aka rufe makarantun Najeriya a watan Maris na 2020 saboda cutar korona, abin da ya isa ga mafi yawan yaran Arewa shi ne darussan rediyo da talabijin da jihohi suka shirya, sai kuma WhatsApp. Makarantun da suka yi ƙoƙarin kwashe jadawalin aji kacokan su mayar da shi kan Zoom sun sha wuya: sabis yana yankewa, taron kyauta yana katsewa bayan minti arba'in, waya ɗaya ce a gida kuma tana hannun uba a kasuwa. Tun daga lokacin kuɗin data ma ya ƙaru, domin a farkon 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni ƙarin da ya kai kashi 50 cikin ɗari. Saboda haka abin da za a koya wa malamanki shi ne koyarwar da ba ta buƙatar kowa ya hau intanet a lokaci guda: gajeren bayani na murya ko bidiyo, aiki guda bayyananne, ranar da za a miƙo shi, sannan amsa daga malami. Wannan na ƙarshen shi ne wurin da yawanci ake faɗuwa. A aji malami yana karanta fuskokin yara ya san ko sun gane, a intanet kuwa ba fuska, idan bai tsara hanyar da amsa za ta dawo masa ba, to yana magana ne a cikin rijiya. Dole a koya masa yadda ake rubuta umarni da yarinya za ta fahimta ba tare da ta ɗaga hannu ta tambaya ba, da yadda zai duba aikin ɗalibai sittin ba tare da ya kwana a kan waya ba, misali ya tattara kurakurai uku da suka fi yawa ya yi saƙon murya guda a kansu.

Hanya mafi inganci ta koyar da wannan ita ce malamin ya fara zama ɗalibi ta intanet. Ki sa wani ɓangare na horon nasu ya gudana a zauren WhatsApp ko Google Classroom na tsawon mako huɗu, da aiki da wa'adi. Wanda ya ɗanɗani yadda ake jin haushi idan an turo bidiyo mai nauyi data ta ƙare a tsakiya, ko ya miƙa aiki mako guda ba wanda ya ce masa uffan, ba zai yi wa ɗalibansa haka ba. Zauren yana buƙatar doka tun ranar farko, in ba haka ba cikin kwana uku zai cika da barka da Juma'a da sanarwar ɗaurin aure da tallan atamfa, aikin ya nutse. A buɗe wani zauren daban don zumunci, domin shi ma yana da amfaninsa.

Ba sai malamai sun ƙirƙiri komai daga tushe ba. Akwai dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, wanda ke ɗauke da darussa bisa manhajar ƙasa, har da wasu da Hausa. Akwai Kolibri, manhajar kyauta da ake ɗora wa kwamfuta guda ta raba darussa ga sauran na'urorin ɗakin ba tare da intanet ba, wadda na ga ta fi dacewa da ɗaki irin naki. Akwai kuma kayan horar da malamai na TESSA da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta shirya tare da cibiyoyin Afirka, ciki har da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Ƙwarewar da ake buƙata a nan ita ce ta zaɓe: malami ya kalli abu tun daga farko har ƙarshe kafin ya kai shi aji, ya auna ko Turancin cikinsa bai fi ƙarfin yaransa ba, ko misalansa suna da ma'ana ga yarinyar da ta tashi a nan. Malaman Hausa kuma a nuna musu yadda ake saka allon rubutun Hausa a waya da kwamfuta don su sami ɓ da ɗ da ƙ. Ƙaramin abu ne, amma abin takaici ne malamin da ke cire wa yaro maki saboda ya rubuta "kasa" a maimakon "ƙasa" ya turo darasi babu lanƙwasa ko ɗaya.

Za a iya kawo miki misalin jihar Edo, wadda tun 2018 ta raba wa malaman firamare ƙananan kwamfutocin hannu masu ɗauke da darasi a rubuce, malami yana bi layi layi, kuma Legas da Kwara sun bi sahu. Tsarin yana da fa'ida inda malamai ke da rauni sosai a fanninsu, kuma yana taimaka wa hukuma ta san wanda ya shiga aji. Ra'ayina dai shi ne bai dace ya zama burin makarantar sakandare ba, domin malamar da za ta shirya yara wa jarrabawar fita tana buƙatar ta iya sauya hanya idan ta ga aji bai gane ba, wannan kuwa ba a samunsa daga karanta rubutun wani.

Tunda makarantarki ta 'yan mata ce, akwai abin da ba zan tsallake ba. Kafin a buɗe kowane zaure da ɗalibai, a zauna da iyaye a yi musu bayani, a yi amfani da lambobin iyaye, a sa aƙalla malama mace guda da wani daga shugabannin makaranta a kowane zaure, kuma a haramta wa malami tura wa ɗaliba saƙo ita kaɗai. Kada a ɗora hoton yara ko sakamakonsu a Facebook don tallata makaranta ba da izinin iyaye ba. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, kuma bayanan yara suna da kariya ta musamman a cikinta. Kuskure guda a wannan fanni ya isa ya sa iyaye su janye 'ya'yansu daga shirin gaba ɗaya, kuma ba za a ga laifinsu ba. Haka nan manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT sun riga sun shiga hannun malamai da ɗalibai, ko an yi horo ko ba a yi ba. Suna taimakawa wajen tsara tambayoyi da shirin darasi, amma suna ƙaga amsa su faɗe ta da cikakken ƙarfin gwiwa, musamman a tarihinmu da adabin Hausa da ilimin addini, don haka malami ya ɗauki abin da suka ba shi a matsayin aikin ɗalibi da ke jiran a duba.

Kwamfutoci ashirin ɗin kuma suna da aikin da ke jiransu tun yau. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, kuma WAEC ta fara bin wannan hanya a 2024 da masu rubutawa daga waje. Duk shekara akwai yaran da suka san amsa amma suke asarar lokaci saboda ranar jarrabawa ce ranar farko da suka riƙe linzami. Idan kowane malamin ajin ƙarshe ya koyi shirya tambayoyi ashirin na zaɓi a kwamfuta, ya kai ajinsa rukuni rukuni sau ɗaya a mako biyu, ɗakin ya sami dalilin buɗewa, malamin ya sami dalilin koyo, kuma zai ga nan take tambayar da mafi yawan yara suka faɗi, ya san abin da zai maimaita gobe. Su ma malaman da ba su yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, ba, jarrabawar cancantar hukumar a kwamfuta ake yin ta, wannan kuma ƙarin abin jan hankali ne gare su.

Game da kuɗi da takardu, kada a raina takardar shaida, domin malami yana da haƙƙin ya ga wahalarsa ta shiga fayil ɗinsa ta taimaka masa wajen ƙarin girma. Abin da nake so a sauya shi ne sharaɗin bayar da ita: a ba wanda ya nuna darussa uku da ya koyar da kayan, tare da aikin ɗalibai, a maimakon wanda ya sa hannu a takardar halarta. Hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, UBEC, tana ware kaso na musamman don horar da malamai da ke bi ta hannun takwararta ta jiha, SUBEB, kuma ƙaramar sakandare tana cikin ilimin bai ɗaya, don haka yana da kyau ki rubuta ki nemi a sa makarantarki, ki kuma bayyana cewa bibiya kike nema, ba wata bitar ba. Daga ɗan abin da makaranta ke da shi, kuɗin data na wata wata ga malaman da ke cikin shirin da kuɗin kula da baturan sola sun fi amfani a kan abincin taro.

Kafin duk wannan, ki binciki wanda ke riƙe da makullin ɗakin. A makarantu da dama da na ziyarta, an gaya wa wani malami ko mai gadi cewa duk abin da ya lalace daga albashinsa za a cire, shi kuwa ya ga hanyar tsira ita ce kada kowa ya shiga. Ki cire masa wannan tsoro a rubuce, ki manna jadawalin amfani da ɗakin a ƙofa da sunan aji da sa'a, ki ajiye littafi a ciki da duk wanda ya shiga zai rubuta darasin da ya koyar da abin da ya ƙi aiki. A ƙarshen zango mai zuwa littafin nan zai nuna miki malaman da suka fara tafiya, da waɗanda ke buƙatar a zauna da su, da kuma kwamfutocin da ke buƙatar mai gyara.